Ƙaiƙayin hannu

Ba na iya ganin na'ura tana aikinta lami lafiya in ƙyale ta. Da zarar fitila ta kunnu ta mutu yadda ake so, sai zuciyata ta raya min lallai akwai wani saiti da ba a taɓa ba.

Ƙananan makunnan Sonoff ne suka fi shan wahalata. Suna zuwa da manhajarsu, ka haɗa da waya ka huta, kuma mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na kwance murfi, na jona wayoyi a jikin guntun ESP8266 da ke ciki, na goge manhajar kamfani, na ɗora Tasmota, wadda Theo Arends ya soma a 2016. Hujjata ita ce babu dalilin da zai sa fitilar falona ta nemi izinin wata kwamfuta a wata ƙasa kafin ta haska. Har yau ina kan wannan magana. Sai dai iyalina sun daina jiran waccan kwamfutar, sun koma jirana, kuma ita ba ta zuwa ɗaurin aure.

Akwai saitin PowerOnState, wanda ke gaya wa makunni abin da zai yi idan wuta ta dawo: 0 ya zauna a kashe, 1 ya kunna, 3 ya koma yadda yake kafin a ɗauke. A kan 3 yake zuwa, kuma babu wanda ya taɓa kawo ƙararsa. Na mayar da shi 1 don kawai in gani. Cikin dare aka kawo wuta, ɗakin kwana ya haskaka kamar filin ƙwallo, jariri ya tsala ihu.

"Maigida, me ka taɓa kuma?" in ji uwargida.

Na ce gwaji ne. Ta ce ita ma haƙurinta ake gwadawa.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne saitin da ya kamata in taɓa amma na tsallake, don ba shi da armashi. An tsara Tasmota ta yadda idan aka katse mata wuta aka mayar sau bakwai a jere cikin sauri, za ta ɗauka mai ita ne ke neman ceto, ta share duk saitinta. Dabara ce mai kyau a inda wuta ke zaune da gindinta. A unguwarmu kuwa, wuta kan yi wannan ƙiftawar ba da taimakon kowa ba. Layi ɗaya tak, SetOption65 1, zai hana hakan. Ina can ina sauya wa fitilu sunaye, wata yamma duk makunnan gidan suka manta Wi-Fi ɗinmu. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu, ina shiga adireshin 192.168.4.1 don in sake saita su, yara na haska min da tocila suna ƙunshe dariya.

Uwargida ta kira mai gyaran wuta ya sa mata makunnin bango na gargajiya a kicin, ta kuma ce in na kusance shi babu tuwon dare. Na amince. Injin famfon ruwa dai bai shiga cikin yarjejeniyar ba, kuma na riga na auna inda makunni zai zauna a jikinsa.