Buzu a Jikin Bango

Mu a unguwar nan fatar layya ba ta kwana a gida. Ana gama fiɗa, kafin la'asar yara sun loda ta a baro, wasu su kai wa 'yan agajin Izala da ke tara fatu kowace shekara, wasu makarantar allo, wasu masallacin layi. Sadaka ce mai kyau, tunda malamai sun hana mai layya sayar da fatar, sun kuma hana a biya mahauci ladan aikinsa da ita. Amma sun halatta wa mutum ya riƙe abarsa ya amfana, kuma wannan ne muka fara mantawa. Da can kowane zaure da buzunsa rataye. Yanzu gidajen da za ka tarar da shi ɗaiɗai ne.

Wani matashinmu ne ya tayar da maganar bana. Ragon uda ya yanka, irin mai rabin gaba baƙi, rabin baya fari fat, ya ga fatar ta yi masa kyau ya ce ba za ta fita ba. Ya baza ta a rana ta bushe ƙayau, ya kawo ƙusoshi ya kafe ta a bangon falo. A 'yan shekarun nan kuwa babbar Sallah a bakin damina take faɗowa. Ruwa na kankama falo ya ɗauki ɗoyi, gashi ya fara zuba, uwargida ta ce ko ita ko fatar. Da yamma ya kawo kukansa majalisa.

Akwai wani dattijo a cikinmu, baduku ne gaba da baya, ya daɗe yana kai kaya Kasuwar Kurmi. Ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, shanya ta ka yi, ba ka jeme ta ba. Busasshiyar fata tana jin danshi take komawa ɗanya."

"To Baba, ai na zuba mata gishiri."

"Gishiri rai yake ja mata har ta isa hannun majemi. Ba ya gama aiki."

Daga nan Baba ya ɗauko zancen tun daga tushe, mu kuma muka gyara zama. Ya ce tun ran gini ran zane: fatar da za ta hau bango, a wurin fiɗa ake sanin ta. Mahauci ya rage wuƙa, ya riƙa tura hannu a dunƙule tsakanin fata da nama, don duk inda wuƙa ta shafta nan ne za ta yage wata rana. A kankare kitse tas, a shafe cikin da gishiri a ranar, kada a bari ta kwana a naɗe da jini, a kuma shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Zafin rana gasa ta yake yi. Sannan a kai ta majema, a faɗa musu da baki cewa buzu ake so. In ba ka faɗa ba za su tsoma ta a ruwan toka, wanda aikinsa ke nan zubar da gashi, ka je ɗauka a miƙo maka fatar takalmi. Ta buzu kuwa bagaruwa ake daka mata, ta sha ta cikinta har ta ratsa, a shafa mai, a yi ta murza har ta yi laushi.

Da ya zo kan bagaruwa sai muryarsa ta canja, don nan ne alfaharinsa. Ya tuna mana cewa jar fatar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi da wannan bagaruwar aka jeme ta, da karan dafi aka rina ta, ayari ya tsallaka Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun Larabawan arewacin Afirka suna kiran ta fatar Maroko. Bature matafiyi Barth ma da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda takalman garin ke fita zuwa ƙasashe masu nisa. Majema tana nan a wajen Ƙofar Wambai har gobe. Ni abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu sun san hanyar Sharaɗa da Challawa, inda manyan kamfanonin fata suke, amma da yawansu ba su taɓa leƙa ramin jima ba.

Sai aka dawo kan ƙusa. Wani makanike ya ce shi bai ga laifinta ba, ai ita ke riƙe agogo da kalanda. Baba ya ce ƙarfe da bagaruwa ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Kuloko, baƙin da dukawa ke yi wa fata zane da shi, daga ƙarfe ake samunsa. Da ya taɓa jemammiyar fata sai wurin ya yi baƙi. Haka ƙusa za ta yi da zarar ta ji laima, ta zana baƙin tabo kewaye da kanta, tsatsa kuma ta ci bakin hudar. Ga nauyin fatar duka ya taru a kan 'yan ramuka, yana ja, ramin na faɗaɗa.

Dabararsa mai sauƙi ce. A ɗinka maɗaukai na fata ko na ƙyalle mai ƙarfi a bayanta ta wajen wuya da kafaɗu, a zura sanda, a rataya sandar. Wuya sama, wutsiya ƙasa, yadda gashi zai kwanta, ƙura ta riƙa zamewa. In ta saniya ce, wadda ta tsira daga masu ganda, sai an kafa katako a bango tukuna saboda nauyi. Kuma kada ta manne da bango. Na siminti yana gumi a watan Agusta, na ƙasa kuma gara ce ke bin cikinsa. Tazarar yatsa biyu ta isa iska ta wuce. A nisanta ta da tagar da rana ke shigowa, a riƙa sa ganyen darbejiya ko kafur a bayanta saboda asu, da hunturu kuma a ɗan shafa wa cikinta mai kada ta tsage.

Inda muka rabu biyu shi ne amfanin ratayar kanta. Matasa ado suke so, irin wanda suke gani a waya, fata shimfiɗe a bango ba mai taɓa ta. Liman ya ce, "A gidanmu buzu ana rataye shi ne don a sauke shi." Na kuwa bi bayansa. Buzun da ake saukewa sau biyar a yini ana kakkaɓe shi sau biyar, yana shan iska, hannu na murza shi, ido na ganin ƙwaro tun bai yi gida ba. Wanda aka kafe ya zama ado, ba mai duba bayansa sai ɓarna ta gama. Ratayar ma dalilinta tsarki ne: a ɗauke shi daga ƙasa saboda kaji da yara da takalma. Wanda yake son kyan uda a falonsa ya rataya, ba laifi, amma ya rataya yadda zai iya saukewa baƙo ya yi salla a kai.

Wani ya jefo tambaya, ya ce, "Allah gafarta Malam, to fatar damisa fa? Na ga ana tallarta." Nan majalisa ba ta yi gardama ba. Tun 1985 Najeriya ke da dokar da ta hana cinikin irin waɗannan namun daji da fatunsu, zaki ma sai an je Yankari ko Kainji ake maganarsa. Wadda aka gada daga kaka maharbi a adana ta. Sabuwa kuwa, duk wanda ya saya ya ba wani kuɗin harsashi ne.

Fatar matashin nan dai ba ta gyaru ba. Baba ya duba ya ce gashi ya riga ya saki, sai dai a binne. Amma mun yi shawara kafin a kira magariba: baɗi za a haɗa kuɗi a sayi buhun gishiri tun kafin Sallah, a ajiye a shagon mai shayi, kowane gida ya ɗiba. Wanda zai ba da sadaka ya bayar da fata mai gishiri, don masu tarawa ma ruɓaɓɓiya asara ce gare su. Wanda zai riƙe kuma ya kawo wa Baba, yara biyu su raka shi majema su ga yadda ake yi. Matan layin sun aiko da nasu sharaɗin ta bakin wata Hajiya: fata ba za ta shiga ɗaki ba sai sun sansana sun yarda.