Abincin Gobe Yana Kwana A Ruwa

Mu a layinmu, da an idar da sallar isha'i, kowace mace sai ta leƙa roba ko ƙwarya kafin ta kwanta. Gero a gidan Goggo, shinkafar tuwo a gidanmu, aya da dabino a gidan mai kunun sayarwa. Shi ya sa muka yi ta dariya ranar da amaryar da aka kawo gidan da ke kallonmu ta shigo da wayarta, wai ta zo mana da sabon ilimi.

"Goggo, kun san a YouTube na gani, kaza ba a soya ta haka kawai? Sai an cuɗe ta da yogot da tafarnuwa da citta da lemon tsami, a sa a firji ta kwana, kayan haɗin su shige ta."

Goggo ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa ta dube ta. "'Yar nan, kin taɓa zuwa inda ake kilishi? To, mahauta sun riga wayarki. A yanka nama falan-falan kamar takarda, a shanya, ya bushe, sannan a tsoma shi a labu. Labun nan tunkuza ce da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa, a dama da ruwa. Nama ya sha, a sake shanyawa, a nuna masa wuta. Su firjinsu rana ce."

Amarya ta ce ai wannan daban. Inna, wadda ba a yin zancen girki ta yi shiru, ta ce babu wani daban, tsami ne ke sa nama laushi, kuma tun tana yarinya ta ga ana naɗe naman tsohon sa da ganyen gwanda a bar shi ya ɗan jima. Wake mai taurin kai kuwa, ɗan jiƙon kanwa ya ishe shi.

Daga nan zance ya bar kaza ya koma kan ƙosai, inda ake rigimar gaske. Inna tana da ra'ayin cewa waken ƙosai ba ya son dogon jiƙo: a zuba ruwa, minti goma ko sha biyar, a surfa, a wanke dusar, a kai inji. Wanda ya kwana a ruwa, a cewarta, ƙosansa lafcewa yake yi ya sha mai kamar soso. Maƙwabciyarmu ta bayan gida ta rantse nata yana daɗewa kuma yana tashi, sirrin a bugu yake. Na ci na kowa, kuma tsakani da Allah na Inna ya fi, amma ban faɗa a wurin ba, don ina zuwa wancan gidan aron turmi.

Abin da kowa ya yarda da shi shi ne gero. Geron koko yana son kwana ɗaya ko biyu a ruwa, har ya fara ɗan wari mai daɗi, sannan a wanke a niƙa da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar gasara ta kwanta, ruwan tsami ya taso sama. Sai dai ba agogo ke faɗin lokacin ba, hanci ne da yanayi. A hunturu sai ka jiƙa ka jira ka gaji bai yi tsami ba. A bazara kuwa, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ka yi sakaci na yini guda, koko ya fito da tsamin da zai kashe maka haƙora. Ni da kaina na taɓa mantawa da shinkafar masa kwana biyu cikin watan Afrilu. Ƙullin da na samu, ko akuya ta sinsina ta wuce.

A nan ne Goggo ta ja wa amarya kunne, kuma da gaskiyarta. Hatsi in ya yi tsami, abin da muke nema ke nan. Ɗanyen nama in ya kwana a zafi, ya lalace. "Kin ce firji. In aka ɗauke wuta tsakar dare fa? Ki cuɗe ta da hantsi, ki soya da azahar, ya wadatar."

Washegari da la'asar sai ga yaro da kwano a rufe daga gidan amarya. Goggo ta ɗauki cinya ta gutsura, ta yi shiru, ta sake gutsura. Can ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Kwanon dai bai koma da komai ba sai ƙashi, kuma jiya na ji ta tana tambayar jikarta nawa ake sayar da yogot ɗin nan marar sukari.