Fita Waje a Kuɗin Talaka

Tun da aka ƙaddamar da aikin titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, majalisun Ƙofar Galadima a Zariya suka samu sababbin masana. Mutumin da ko Kwangila sai ya yi sallama da iyali kafin ya je, shi ne yanzu ke zana taswira da tsinke a ƙasa: ga Kazaure, ga Daura, ga Katsina, ga Jibiya, sai Maraɗi. Kilomita 284, in ji shi, kamar da ƙafarsa ya auna.

Ba Maraɗin ce ta dame shi ba. So yake a ce, "Ai Malam ba ya nan, ya fita waje." Dubai ta fi ƙarfin aljihu, kujerar Makka kuwa sai addu'a. Nijar ce kaɗai ƙasar wajen da ta rage wa talaka, ga shi ba ya buƙatar tafinta.

Jirgi bai iso ba, amma an fara neman ragi.

"Kawu, idan ya fara aiki, wane aji za ka shiga?"

"Yaro, bincika mini ko akwai na tsaye."

Wani ya kawo shawarar a bi ta ruwa, wai kwale-kwale ya fi araha. Aka tuna masa cewa kogin Kubanni bai nufi can ba, Gulbin Maraɗi kuma da rani yashi ne zalla. Ya ce to a jira damina. Dattawa dai dariya suke yi, don iyayensu sun hau jirgi daga tashar Sabon Gari zuwa Ƙauran Namoda tun 1929, kuma babu wanda ya tara unguwa don hakan.

Masu gajen haƙuri su kan bi mota ta Katsina. A wurin 'yan canji jikinsu ke fara sanyi. Da can naira ke yi wa sefa kallon raini, yanzu mutum zai miƙa damin kuɗi a ba shi 'yan takardun da ba su cika aljihun gaba ba. Ya sake ƙirgawa, ya dubi ɗan canjin, ya ce, "Alhaji, ko dai ka manta sauran?"

Sai babbar magana, wato tsaraba. Wanda ya yi mako yana cinikin kuɗin mota ya manta cewa duk wanda ya yi masa "Allah ya kiyaye hanya" ya shiga layi: gwaggo, surukai, maƙwabta, har mai shayin bakin titi. Shi ya sa wasu ke sauka a kasuwar Sabon Gari kafin su shiga birni, su sayi dabino da cuku, su ɓare takardar shago. Gwaggo ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai, ta ce lallai na can daban ne.