Mu 'Yan Bakin Titi da Gambarar Zamani

In ana lissafin garuruwan da hip hop ɗin Hausa, wato gambarar zamani, ya yi gida, Kano ake fara kira, sai Kaduna, sai Jos, sai Bauchi. Ba a kiran Birnin Kudu, ba a kiran Gwaram. Amma fa duk abin da garuruwan nan suka rera, ta ƙofar gidanmu yake wucewa. Motar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil, nan za ta ratsa. In ta kai Babaldu, ko ta karya kwana ta nufi Ningi da Bauchi, ko ta miƙe sai Gwaram. Kowane direba da memorinsa, kowane yaron mota da waƙar da ta kama masa rai. Shi ya sa yaron da bai taɓa taka Kaduna ba zai zauna a teburin mai shayi yana zayyana maka bambancin DJ AB da ClassiQ, kuma in ka saurara da kyau, ba shirme yake ba.

Ga kuma yadda muke yi kowace shekara. Da an gama girbi, an kai riɗi da wake kasuwar Sara, samarinmu sai su watse cin rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja. Kafin ruwan shuka ya sauka sun dawo, waya cike da waƙa. Na Legas ya zo da Olamide, ɗalibin Bauchi ya zo da B.O.C Madaki, wanda ke zuwa sari Kano ya zo da sabon abin da ya fito daga situdiyoyin Zoo Road. Duk a rumfar mai caji ake juyewa. Rumfar nan ita ce gidan rediyonmu: ka kai waya caji, ka dawo da waƙoƙin gari uku.

Daga nan kuma sai musu, don majalisarmu ba ta zama babu musu. Dattijo ya ce, “Kai yaro, wannan ai surutun Amurkawa ne kuka ɗauko, ina ruwanku da shi?” Yaron ya ɗan rusuna ya ce, “Baba, Allah ya ƙara girma, su ma Amurkawan ai aro suka yi.” Kuma gaskiyarsa. Wanda ake cewa a wajen bikinsa abin ya fara, a unguwar Bronx ta birnin New York cikin watan Agustan 1973, wato DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika ne, kuma can ya taso yana ganin yadda ake kafa manyan lasifiku ana magana a kan kiɗa. Tun ranar farko, abin nan daga hannu zuwa hannu yake tafiya.

A ƙasar nan ma haka. Eedris Abdulkareem da ya girgiza Legas da “Jaga Jaga” a 2004, a Kano ya tashi. M.I da ƙanensa Jesse Jagz da Ice Prince daga Jos suka gangara kudu, kuma da “Oleku” ta fito a 2010 har ƙauyukanmu ta shigo. A shekarar ce kuma Dagrin ya rasu, bayan ya nuna wa kowa cewa ana iya yin abin da Yarbanci a ci kasuwa. Olamide ya ɗora, Phyno ya yi da harshen Ibo. Yaran Arewa da suka ga haka sai kunyar harshensu ta sake su. Ga shi an wayi gari M.I na shiga waƙar ClassiQ, Olamide na shiga ta Morell ɗan Borno, Mr Eazi na shiga ta DJ AB.

Sai dai kada wani ya ce Legas ce ta koya mana gambara da Hausa, nan kam ba mu yarda ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 'yan'uwanmu na Nijar, irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya, suke zuba ta a Yamai, suna haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci, su kuma kunnensu na wajen Senegal da Faransa. A Nima ta birnin Ankara, zangon Hausawa, 'yan VIP na jefa Hausa cikin waƙoƙinsu. A Kano ga Nazir Hausawa, Ziriums, wanda “Girgiza Kai” ɗinsa na cikin waƙoƙin da aka haramta a jihar a 2009. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun san yadda haramcin ya ƙare: ta bulutut waƙar ta yi ta yawo daga waya zuwa waya har ta iso mana. Da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, Nomiis Gee ya riƙa kawo mawaƙan Kano da Kaduna da Jos da Nijar a shiri ɗaya, sai kowa ya ga fuskar wanda da muryarsa kawai ya sani.

Abin da ya fi mana daɗin musu shi ne wa ya ba wa me. Mu dai a jinmu, Kano ta ba da nauyin magana: karin magana, habaici, zambo, abin da Bahaushe ya gada tun daga 'yan gambara da maroƙa da su Shata. Jos da Bauchi sun ba da kiɗa mai duka a ƙirji da ƙarfin halin cakuɗa Hausa da Turanci, ko da malamin makaranta zai yamutsa fuska ya ce an mai da mace namiji a jimla. Kaduna ta ba da wasa da raha da rawa. Waƙar nanaye ta finafinai kuwa, wadda 'yan gambarar zamani suka daɗe suna yi wa kallon raini, ita ta ara musu amshi mai zaƙi, don sun gane in babu inda mata za su karɓa, waƙa ba ta shiga gidan biki. Yanzu ka ji yaron Kano ya ɗauko salon bakin Jos, na Jos na neman karin maganar da zai burge Bakano, dukkansu kuma a kan kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu.

Mu kuma namu aikin tacewa ne. Ba duk abin da mota ta kawo muke saukewa a zaure ba. A bikinmu Hamisu Breaker da Ado Gwanja ne ke riƙe fili, gambara sai dare ya yi, manya sun shige. Waƙar da ta cika batsa, komai daɗin kiɗanta, a cikin abin kunne take ƙarewa, don yaronmu ya san gobe da asuba sahu ɗaya za su tsaya da kawunsa. Wadda ta taɓo tsadar taki, ko zaman kashe wando bayan an gama makaranta, ko halin 'yan siyasa, ita ce za ka ji Baban da ya gama faɗa ɗazu ya ce, “Ɗan maido ta baya in ji.”

Abu ɗaya ne ke ci mana tuwo a ƙwarya. Yaranmu na da baki, wallahi suna da shi. Wasu a waya suke naɗa, wasu su tara kuɗin ƙwadago su hau mota zuwa Dutse ko Kano. Amma in waƙar ta fito, sai ka ji unguwannin mutane suke kira, da Hausar mutane, kamar ba su da gari. Alhali a Birnin Kudu akwai duwatsu masu amo da mutanen dauri suka riƙa kaɗawa, kusa da zanen nan na Dutsen Mesa da Dutsen Habude da masana suka zo suka rubuta tun shekarun 1950. Ga gangar noma ta ranar gayya, ga kirarin 'yan dambe bayan kaka, ga kiɗan ƙwarya na iyayenmu mata. Duk wannan kiɗa ne da za a naɗa a ɗora magana a kai. Muna so mu ji an kira Sara ranar kasuwa, an kira Basirka da Farin Dutse, an faɗi yadda ake kwana a gona ana gadin riɗi, har wani yaro a Maraɗi ko Nima ya ji a TikTok ya tambayi abokinsa, “Wai ina ne Babaldu ɗin nan?”