Allah Ya Ja Zamanin Alhaji da Kwamfutarsa

Ƙasar Damagaram ba ta taɓa rasa mazaje masu magana ɗaya ba, amma a wannan zamani babu wanda ya cancanci jinjina kamar Alhaji mai shagon buga takardu. Ba sai na kama suna ba. Daga Yekuwa zuwa Magaria, ka karkata Dungass, duk inda ka ga an kafa allon fotokofi da ɗaukar hoton kati, to ka iso wurinsa ko wurin ɗan'uwansa.

Kamfanin Microsoft na Amurka ya daɗe yana shelar cewa ranar 14 ga Oktoban 2025 zai janye hannunsa daga Windows 10, manhajar da ya fitar a 2015. Kwamfuta dai za ta ci gaba da kamawa, sai dai duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano bayan wannan rana, babu mai toshe wa ɗan kasuwa ita kyauta. Manyan kamfanonin duniya, matsoratan banza, tun da wuri suka hau lissafi, suna kwashe bayanai, suna sauya na'urori. Alhaji ko gezau. Sanarwar ta cika fuskar kwamfuta da safe, yaron shago ya ce, "Maigida, ga abin nan ya sake fitowa." Shi kuwa ko kai bai ɗago daga ƙirgar canji ba: "Rufe shi, yaro, mutane na jira."

Kada a zaci yau ya fara wannan jarumtaka. A lungun shagon akwai wata dattijuwa mai Windows 7, wadda aka yaye tun Janairun 2020, an lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙurar hunturu. In an kunna ta, fankarta na ƙugi, yaro ya je ya haɗa shayi ya dawo kafin ta gama farkawa. Alhaji ya ce kayan da ne, ba a yin irinsu yanzu. Gaskiya ya faɗa, har masu yin su sun manta da su.

Sai karamci. A cikin waɗannan na'urori akwai hoton takardar haihuwar rabin gari, da katin ɗan ƙasa, da takardun saye da sayar da gonaki, da wasiƙun neman aiki, da sunayen duk wanda Alhaji ke bi bashi. Wani marowacin da ya kulle su, ya kwafe su a wani faifai ya ɓoye. Alhaji ya bar su a sarari, kowane baƙo ya shigo ya ɗiba. Ba ya kuma sallamar abokin ciniki hannu rabbana. Malamin lakwal ya kawo tambayoyin jarrabawa a ɗan kilensa, a hura bakin kilen, a soka, a buga. Ya koma gida ya tarar fayilolinsa duka sun ɓace, ya samu tsarabar ƙwayar cutar da zai raba wa kwamfutar darakta. Ko dala ba a ƙara masa a kan wannan ba.

In ka yi masa maganar kutse, yana da amsar da ke kashe baki: "Wane ɓarawo ne zai tsallake bankunan Turai ya zo Yekuwa satar fotokofi?" Kaico, da ma cutar ta san taswira. A watan Mayun 2017 wadda ake kira WannaCry ta bi duniya, ta shiga ƙasashe kusan 150, ta kulle fayilolin mutane tana neman fansar dalar Amurka 300. Asibitocin Ingila sun soke ganin dubban marasa lafiya, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda ta kama su ne waɗanda suka ce sai gobe. Ashe Alhaji na da almajirai har a Ingila.

A yi masa adalci, lissafinsa ba na wasa ba ne. Windows 11 ba ta hawa kowace na'ura, sai mai wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, kuma nasa duka sun girme ta. Ɗan kasuwar da ke son a ci gaba da toshe masa ɓarakar Windows 10 zai biya dalar Amurka 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, wajen jika talatin da biyar ke nan, kuɗin kuma na ninkuwa duk shekara. Akwai Linux, kyauta, tana tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori, amma sai an zauna an koya, kuma babba ba ya komawa aji. Ban da haka ma, Alhaji ya gano tsaron da injiniyoyin Amurka ba su hango ba. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, shi ne ya fara lura cewa kwamfutar da ke kashe babu mai iya kutsa ta.

Masu cewa ba ya son ci gaba su ji kunya, don kuwa ya motsa. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi, kuma kowa ya san inda kwancen Turai ke sauka. Alhaji ya tura yaro Kano, ya dawo da ɗaya fes, har da leda, a rabin kuɗi. Mai sayarwa ya rantse Bature ɗaya ne tak ya taɓa amfani da ita. Da aka kunna, Alhaji ya leƙa, ya yi hamdala: Windows 10 ce a kai, wadda hannun yara ya riga ya saba da ita.