Yadi Ɗan Ƙetare

A Mazanya kowa farfesa ne a kan yadin wando. Mai saye zai murza, ya sansana, ya ɗaga ya ga ko rana na ratsa saƙar. Gwanaye har zare suke ƙonawa: auduga ta bar toka, roba ta dunƙule.

"Alhaji, wannan ɗan Maraɗi ne," in ji mai kaya. Shi ke nan, bincike ya ƙare. A Maraɗi kuwa, yadin nan dai ɗan Kantin Kwari ne. Alhali bawan Allah a ƙasar Sin aka haife shi.

Wankin farko, sitaci ya tafi da ƙyallin. Na biyu, wando ya ɗage zuwa ƙwauri. Ƙanin Alhaji ya samu kayan Sallah.