Wa Ya Cinye Kuɗin Ginin?

A 2013 Kenneth Gyang ya lashe kyautar gwarzon fim ta AMAA da Confusion Na Wa, inda satar wayar salula guda ta jefa su Ali Nuhu da Ramsey Nouah cikin masifa, 'yan kallo kuwa suna ta ƙyaƙyata dariya. Duk mai son yin irinsa a kan komawa gida, ya kai kyamararsa Kafanchan a watan Disamba. 'Yan wasa kyauta ne.

Jarumin ɗan gari ne mai aiki a Abuja, ya shekara yana turo kuɗin gini. Ya iso Kirsimeti cikin motar aro, ya tarar da filinsa fes, an shuka citta. Bulo ko ɗaya babu. Kawu ya ce a tambayi birkila, birkila ya ce a tambayi mai siminti, mai siminti kuma, Allah ya ji ƙansa, an yi jana'izarsa tun damina, da kuɗin da ba wanda ya san inda suka fito.

Kafin ya fara bincike, gwaggonni sun fara nasu: ina mata, motar ta waye, me ya sa ya rame?

Wurin ɗauka ma a shirye yake. Tashar jirgin ƙasa da ta raya garin tun 1927, mahaɗar layin Fatakwal da Kaduna da Jos, yau awaki sun fi fasinja yawa. A can kawu zai ɓuya har a gama bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, hutun jarumi ya ƙare.